Kunun shinkafa da madara: tukunya uku na ɓata a azumi kafin in gane kansa

Azumin 2024 ne, wanda ya kama cikin watan Maris ya ƙare a Afrilu, duk wanda ke Yamai a lokacin ya san zafin da aka sha, tun ƙarfe 10 na safe ba ka iya taka tsakar gida babu takalmi. Saura kwana huɗu a ga wata aka kawo uwar mijina daga Tawa ganin likita, haƙori na damunta ga kuma ciwon ciki da ta daɗe tana ɓoyewa. Aka cire mata turame biyu, likitan ciki kuma ya ce gyambo ne, ta rabu da yaji da tsami da duk abin da aka soya. Batun azumi ya ce ta gwada muddin tana shan maganinta da shan ruwa da sahur, in ciwon ya tashi ta ajiye ta rama daga baya. Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba, sai da muka fito muna jiran taksi ta ce min ita tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi don ciwon ciki ba. To ni dai na yi shiru, amma lissafi nake a zuci, don duk abin da muke ajiyewa a tabarmar shan ruwa babu wanda ya tsira daga dokar likitan nan. Kunun tsamiya tsami, ƙosai soyayye, zoɓo tsami, lemun citta yaji, kopto, wato kwaɗon ganye, ba ta iya taunawa, furar ma da mutanen Adar, yankinsu na Tawa, ba sa kwana babu ita nononta tsami gare shi. Kwana uku na farko dabino nake jiƙa mata a ruwa ya yi laushi, sai shayi da burodi, tana ci ba ta ce komai ba amma ina ganin yadda take bin kwanon ƙosan jikokinta da ido.

Ran huɗu ga azumi maƙwabciyarmu 'yar Senegal, mijinta maƙerin zinari ne, ta aiko yaro da kwano kamar yadda muke yi a unguwarmu ta Bukoki, kowa ya kai wa kowa ɗan abin da ya dafa kafin magariba. Na buɗe na ga abu fari mai kauri, shinkafa ta narke cikin madara, da ƙamshin kwakwa, da sanyinsa. Na miƙa wa Hajiya don in fita hakki kawai. Wallahi sai da ta sa yatsa ta suɗe kwanon. Ta ce "ɗiyata, wanga kunu mi as sunanai?" Na aika yaro ya tambayo, aka ce sombi suke ce masa a can. Ta ce to shi za ki riƙa yi mini. Nan ne na yi kuskuren farko, wanda duk sauran kurakuran daga shi suka fito, girman kai ya hana ni in tsallaka katanga in tambayi matar nan yadda ake yi. Na ce a raina shinkafa ce da madara da sukari, ni da nake kunun gyaɗa tun ina aji shida, me zai gagare ni a ciki.

Washegari da safe na shiga kasuwar Wadata. Shekarar kaya sun yi tsada, iyakar Benin na rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya ba sa shigowa ta hanyar da suka saba. Na auni sukari kilo ɗaya sefa 800, madarar gari ta awo rabin kilo jika biyu, wato 2000, kwakwa guda ɗaya dala sittin (ga 'yan uwa na Najeriya, dala a wurinmu sefa 5 ce, jika kuma 1000). Shinkafa ban saya ba don akwai buhu a gida, irin mai dogon ƙwaya da aka turara kafin a cire mata ɓawo, wadda muke dafa-duka da ita, wadda ake yabo don ba ta caɓewa. Ban tsaya na yi tunani ba cewa abin da ake yabonta da shi shi ne zai kashe ni. Bayan la'asar na ɗora 'yar tukunyata ta silba mara nauyi a kan gaz, na zuba shinkafa da madara da sukari gaba ɗaya, na buɗe wuta, na koma wajen suyar ƙosai. Ko minti goma ba a yi ba madara ta taso ta zube kan murhu, na rage wuta na juya, na sake komawa. Da na dawo ƙauri ya riga ya cika madafa. Awa ɗaya da kwata abin nan na kan wuta, madarar ta ƙone ta koma ruwan ƙasa, gindin tukunya ya yi ƙanzo baƙi, amma shinkafar nan tana nan tsaye ƙwaya-ƙwaya kamar yanzu aka zuba ta. Na kwashe na saman na kai wa Hajiya a haka. Ta sa cokali ɗaya ta ajiye ta ce "Allah shi yi albarka", ta jawo shayinta. Duk wadda ta zauna da uwar miji ta san wannan addu'ar kala biyu ce, ni kuwa ta biyun aka ba ni. Tukunyar kwana biyu tana jiƙe da toka kafin ta wanku.

Daren ban yi barci sosai ba, ba don madarar jika ɗaya da na ƙona ba, don haushin kaina. Da safe na kira yayata da ke Maraɗi, ta yi dariya ta ce ai tsakin shinkafa ake yi da shi, karyayya, irin wadda muke rainawa. Kuma ba a sa sukari sai ta dahu, don sukari na riƙe ruwa ya hana ƙwayar ta sha ta yi laushi. Wannan gaskiya ne, na gwada daga baya na gani da idona. Na koma kasuwa na sami mai sayar da shinkafar gida ta bakin kogi, irin da ake nomawa a fadamun Saga da Kollo har zuwa Tillaberi, na ce tsaki nake so, ya auna min kilo biyu a 600 kowane, yana tambayata ko kaji nake kiwo. A hanyar dawowa na haɗu da Bafulatana da ƙwaryarta, na ce bari in burge Hajiya da madarar shanu ta gaske, ba ta gari ba. Na sayi lita ɗaya da rabi jika ɗaya, ta rantse min tatsar safe ce, wataƙila ma gaskiya ta faɗa, amma ƙarfe 11 ne lokacin, ta yini da ita a ka cikin rana, ni kuma na kawo na ajiye a firigo da babu kuran, wato wutar lantarki, tun asuba. Ban tafasa ta nan take ba. Da yamma na dafa tsakin a ruwa ya narke lafiya lau har raina ya yi fari, na ɗauko madara na juye, sannan hannuna da kansa, saboda sabon kunun gyaɗa, ya kai ga kofin ruwan tsamiyar da na jiƙa wa kunun yara ya ɗiga kaɗan a ciki. Ina tsaye ina kallo madarar ta tsinke, ruwa-ruwa gefe guda, farin gudaji gefe guda. Har yau ban san wanne ya fi laifi ba tsakanin tsamiyar da madarar da ta riga ta fara juyawa, kowannensu shi kaɗai ya isa. Hajiya ta leƙo madafa ta dubi tukunya ta ce "cuku kika yi muna? Ai da kin hwaɗi da na taho miki da shi daga Tawa." Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi, amma idona ya cika.

Ran bakwai ga azumi na ajiye girman kai na ɗauki kwanon ƙosai na shiga gidan maƙwabciya. Ita Hausarta kaɗan ce, ni Faransancina na lakwal, wato makarantar boko, ya tsufa, muka haɗa da Zabarmanci da nuni da hannu. Ba ta faɗa min komai da baki sosai ba, ta ce in zauna in kalla. Abin da na fara lura da shi tukunyarta, irin ta ƙera mai kaurin gindi da ake zubawa da narkakken alminiyom, wadda ake samu a kasuwar Katako. Na biyu wutar, ta rage gaz har sai da na sunkuya kafin in ga harshenta. Na uku kuma ba ta motsa daga gaban tukunyar ba, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna da muciya a hannu, tana juyawa tana kankaro gindi, wayarta na ƙara ba ta ɗauka ba. Kusan minti 50 muka yi. Da ta sauke sai na ga abin ruwa-ruwa ne, na ce mata ai bai yi kauri ba, ta ce in jira. Kafin a kira salla ya kama jikinsa. Ashe shinkafar na ci gaba da shan madara bayan an sauke, in kika bari ya yi kaurin da kike so a kan wuta, lokacin sha tuwo za ki tarar.

Washegari na sayo tukunyar, jika huɗu da rabi bayan doguwar ciniki, na dawo na bi abin da na gani. Ga yadda na yi, kuma har yau haka nake yi. Da kofin roba ɗaya nake auna komai, irin wanda huɗunsa ke cika lita. Kofi ɗaya na tsakin shinkafa, na rege shi sosai don shinkafar gida ba ta rabuwa da tsakuwa, ga mai ciwon haƙori a gida, na wanke sau biyu kawai don kar in zubar da farin ruwan da ke kawo kaurin, na jiƙa tun azahar. Wajen ƙarfe 5 na ɗora ruwa kofi uku da ɗan gishiri na tsunkule da yatsa biyu da ɗan itacen kirfa, ya tafasa na zuba tsakin na rage wuta, minti 20 ya fashe har in na murza ƙwaya tsakanin yatsuna ba na jin komai. Kafin nan na dama garin madara kofi ɗaya cikin ruwan ɗumi kofi huɗu a wani kwano daban, sai ya narke babu gudaji, don in kika barbaɗa garin kai tsaye cikin tukunya mai zafi dunƙulewa yake. Na zuba madarar kashi biyu, rabi tukuna, ina juyawa, bayan minti goma sauran rabin. Daga nan babu tashi. Minti 25 zuwa 30 a ƙaramar wuta, tukunya a buɗe, muciya na taɓa gindi kowane juyi. A minti biyar na ƙarshe na sa sukari rabin kofi da gogaggiyar kwakwa, na sauke tun yana zuba daga ludayi kamar kunu mai ɗan nauyi. Wannan awon yana isar mu mu bakwai kowa ɗan kwano. Na lissafa, gaba ɗaya bai kai jika ɗaya ba in aka cire gaz.

Akwai matsalar da babu wanda ya faɗa min ita, ɗanɗano. Kina azumi, ta yaya za ki san sukari ya ji? Na tambayi malamar islamiyyarmu, ta ce an ruwaito daga Ibn Abbas cewa babu laifi mai azumi ya ɗanɗana abin tukunya muddin bai wuce maƙogwaro ba, amma malamanmu na Malikiyya sun karhanta, gudun kar ya zarce. Ta ce in kin matsu ki taɓa a harshe ki tofar, azuminki na nan. Ni dai tsoro nake, sai na ɗora 'yata mai shekara takwas a kan aikin tunda rabin yini take yi. Wannan ma'aikaciyar ba ta da amana ko kaɗan, kullum amsarta ɗaya ce, Mama a ƙara sukari. Da na gane sai na tsaya kan awo, rabin kofi, wanda bai ishe shi ba ga gwangwanin sukari nan a tabarma.

Ranar Hajiya ta sha kwano biyu. Ba ta yabe ni a gabana ba, ba halinsu ba ne, amma bayan asham na ji tana waya da ƙanwarta a Tawa tana cewa ɗiyar nan tawa ta iya wani kunun Larabawa. Daɗi ya kwashe ni, washegari na ninka awon na ce har sahur. Nan tukunya ta uku ta tafi, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Na sauke wajen ƙarfe 6 na yamma, aka sha rabi, sauran na bar shi cikin tukunyar a rufe a madafa, na ce in ya huce zan sa a firigo. Muka tafi asham, muka dawo aka zauna hira a waje saboda zafi, kuran ya ɗauke wajen 11, na ce to sa shi a firigon ma ba amfani. Ƙarfe 4 da rabi na tashi na buɗe, na shinshina ban ji komai ba, na ɗumama shi har ya tafasa. Allah ya taimake ni Hajiya ta ce shayi take so ranar. Ni da ɗana babba da ƙanwar maigida muka sha. Kafin ƙarfe 9 na safe mu uku muna layin bayi, amai kamar hanjinmu zai fito, yaron har jiri yake. Dole muka karya azumin, maigida ya kwashe mu zuwa ƙaramin asibitin unguwa, muka yi kusan awa biyu a benci kafin a kira mu, aka sa wa yaron ruwa leda ɗaya, mu aka rubuta mana magani da gishirin nan na zawo da ake damawa. Tsakanin kati da ruwa da farmasi jika goma sha ɗaya suka tafi, ga ramuwar azumi a wuyanmu.

Ma'aikaciyar jinyar ce ta yi min bayani tana ɗaura wa yaron ruwa. Ta ce ɗanyar shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, dahuwa ba ta kashe ƙwayayenta duka, in dafaffiyar shinkafa ta daɗe da ɗumi sai su farfaɗo su yaɗu su saki dafi, dafin kuma ko an sake tafasawa ba ya mutuwa, kuma ba lallai ki ji wari ko tsami ba. Ta ce ƙa'idar kar dafaffen abu irin wannan ya wuce awa biyu a waje, a zafin Yamai ma awa ɗaya ta isa, balle an haɗa da madara. Ni kuwa nawa ya yi sama da awa goma cikin tukunya mai riƙe zafi. Na ce mata ai iyayenmu na ɗumamen tuwo kullum, ta ce eh, amma kunun tsamiya da fura tsaminsu na ɗan kare su, wannan naki babu tsami ko kaɗan, ga sukari ga madara, gidan biki kika buɗe wa ƙwayoyin cuta. Tun ranar na canza. Ina yin daidai wanda za a shanye da magariba. In ina son mai sanyi, da na sauke nake rarraba shi a ƙananan kwanoni marasa zurfi, in jera su cikin faranti mai ruwa su huce da wuri, sannan in sa cikin kula da ƙanƙarar dala ashirin ko talatin, yadda dai masu firiza suka ga dama ranar, don a azumi ƙanƙara ma sarauta take. Madarar shanu kuma in na saya, da na shigo gida nake tafasa ta, ba na jira.

Wajen tsakiyar wata labarin kunun ya bazu cikin dangi, masu zuwa duba Hajiya kowa sai an zuba masa. Sai wata daga cikinsu ta kunna mana wani saƙon murya na WhatsApp, wani yana cewa shinkafa da madara abincin Annabi ne, sallallahu alaihi wa sallam, wai da shi yake buɗa baki. Hajiya ta riƙe wannan magana gam, duk wanda ya shigo sai ta ce sha, sunna ce. Ran nan ƙanen maigida ya zo shan ruwa, shi a Azhar ya yi karatu, shekara shida a Alƙahira. Ya sha ya ce Anti wannan ai roz bil laban ne, ya ce a Masar shaguna guda ake da su na kayan madara, ana jera shi a ƙananan kwanoni cikin firigo azumi da ba azumi ba. Ya ce abokan karatunsa 'yan Pakistan nasu firni suke ce masa, niƙa shinkafar suke su zuba a 'yan kasake na ƙasa, 'yan Turkiyya kuma gasa saman nasu suke a tanda har ya yi duhu, 'yan Malesiya nasu kunun shinkafar na azumi ma ba na zaƙi ba ne, da nama da kayan ƙamshi ake yi a raba a masallatai. Hajiya ta ce to ka ji, duk Musulmin duniya na sha, sunna ce. Ya sunkuyar da kai ya ce Inna, a yi min haƙuri, al'ada ce mai kyau amma ba sunna ba ce. Ya ce abin da ya tabbata daga Anas, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah na buɗa baki da ɗanyen dabino kafin ya yi salla, in babu da busasshe, in babu ya kurɓi ruwa. Abin da ya yi kusa da wannan kunun a hadisi shi ne talbina, kunun garin sha'ir da ake sa wa madara ko zuma, wanda Nana A'isha ke sa a dama wa mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, yana cikin Buhari, kuma sunan ma daga laban ya fito, wato nono, saboda farinsa. Sannan ya kawo maganar Nana A'isha cewa sukan ga jinjirin wata uku a jere ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, dabino ne da ruwa. Ni da na yini tun azahar tsakanin gaz da gawayi, da tukwane huɗu, sai na ji kunya ta kama ni. Hajiya ta yi shiru can ta ce "to ba sunna ba ne, amma ciyar da mai azumi hwa?" Ya ce wannan kam akwai, wanda ya ciyar da mai azumi yana da kwatankwacin ladansa. Ta ce to ƙaro mini.

Ni a nawa ganin abin da ya sa masu azumi daga Dakar har Lahor suka haɗu a kan abu ɗaya ba wani asiri ba ne, cikin da ya yini awa goma sha uku babu komai ba ya son abu mai nauyi, yana son ruwa da ɗan zaƙi da laushi, tsoho mara haƙori da yaro duk suna iya sha, kuma kofi ɗaya na shinkafa ya ciyar da mutum bakwai. Mu ma ai kunun gyaɗarmu da shinkafa ɗan gidansu ne, gyaɗa ce ta tsaya a madadin madara. Amma kar wanda ya ruɗe ku da batun sahur. Ko da ba a yi maganar lalacewa ba, na sake gwada shi sabo da asuba sau ɗaya, kafin ƙarfe 11 yunwa ta fara sassaƙata, farar shinkafa da sukari ba sa zama a ciki. Hura ko tuwon hatsi sun fi shi riƙe mutum nesa ba kusa ba. Mai ciwon sukari kuma ya yi hattara, ko ba a sa sukari ba shinkafar da ta narke haka da sauri take ɗaga sukarin jini, ƙanwar Hajiya da ke da shi cokali uku muke ba ta mu janye kwanon tana harararmu.

Daren 27 na yi na sadaka, kofi shida na tsaki a babbar tukunya kan gawayi, don gaz ɗina ƙaramar kwalba ce mai kilo 6 ba ta ɗaukar tukunyar. A nan na koyi cewa babban awo ba lokacinsa ɗaya da ƙarami ba, kusan awa ɗaya da rabi ya ci, kuma gawayi ba ya jin a rage shi, sai dai ki riƙa zare garwashi kina barbaɗa toka a kan sauran. Hannuna ya yi kwana biyu yana ciwo. Hajiya ce ta zauna kusa da ni da mafici tana karɓar muciya in na gaji, a nan ta ba ni labarin yadda ta ƙona tuwon farko a gidan mijinta, kishiyar uwar mijinta ta kai ƙanzon har gaban maigida a faifai. Shekara goma sha ɗaya ina aure a gidan ban taɓa jin wannan labarin ba. Yara suka kai bokiti biyu masallacin unguwa saura minti goma a kira salla, suka dawo da su wayam, na cika kwano guda na aika wa 'yar Senegal, ta aiko a ce min kirfar ta yi yawa kaɗan. Ta yi gaskiya.

Bayan salla da kwana uku aka mayar da Hajiya gida, tafiyar kusan kilomita 550 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, na sa mata tsaki tiya ɗaya da kofin robar nan nawa a cikin kaya. Ta fara sitta shawwal ni ma ina ramuwar nawa. Rana ta biyu ina zaune gaban tukunya wayata ta yi ƙara, na ɗauka na ji ƙarar cokali a kwano, Tawa na gabas da mu, suna riga mu shan ruwa da minti goma sha biyu ko sha uku. Ta ce jikarta ta yi mata amma ya yi tuwo, mi ag gyara? Na ce Hajiya ku ce ta tafasa madara rabin kofi ta zuba ta juya, gobe kuma ta sauke tun yana ruwa-ruwa. Ta ce to, ku ba a kira ba ko? Na ce saura. Ta ce to juya tukunyarki kar ta kama, ina jin ƙauri tun daga nan.